Karan Awon Kawu

Daren Laraba, Madarumfa

Na gaji har ƙashi. Allurar mai ta motar Kawu da nake tuƙawa ta mutu tun bara, sai ya koma auna tankin da kara. Da na dawo daga Gabi ya tsoma, ya duba, ya ce, "Ɗana, kai da motar kuka sha esansin?"

Na ce, "Kawu, wake na loda, cikin yashi na biyo. Kai a kan kwalta ka zana karanka. In ɓarawo kake nufi, faɗi kawai."

Ya karɓe makulli. Gobe ɗansa zai bi hanyar, a sake aunawa. Ni ɗan manomi, ga ni ina roƙon kada a yi ruwa, don in yashin ya kwanta motar ba za ta sha mai sosai ba, ni kuwa na tabbata ɓarawo.