Kwalbar da ke bayan tukwane

Umma, barka da tashi.

Na fita zagayen safe, daga can zan wuce shago.

Jiya na ga kwalbar maganin ƙara cin abinci da kika ɓoye bayan tukwane. Ashe shi kike zuba mini a shayi! Na ɗauke ta, kada ki wahala da nema.

Wallahi lafiyata ƙalau. Wannan ramar ni na neme ta. Likita ne ya rubuta mini ƙwayar rage ƙiba, ya ce in rage ci, in riƙa tafiya kullum. Wata uku ke nan, hawan jinin da nake fama da shi ya sauka, har na ƙara huji biyu a bel.

Don Allah ki daina yi wa surukarki faɗa. Ba hana ni abinci take yi ba, ni na ce ta rage mai.

Kin tuna yadda marigayi Baba yake zama a tsakiyar matakalar bene yana haki? Shekaranjiya na haye benen da jikarki a wuya, ban tsaya ba.

Shayin yau ni na haɗa. Naki yana filas, ba komai a ciki sai sukari.

Ɗanki