Na Bi Gawa a Muciya, An Ɗauke Ni Abokin Mamaci

Malam Bappa, don Allah ka agaza mini, kaina ya kulle.

Ni mutumin ƙasar Gumel ne, aikin malamin gona ya kawo ni Samaru bana. Ban san kowa ba. Maƙwabtana ɗalibai ne, ka gaishe su da Hausa su amsa rabi da Turanci suna sauri. Da na sayi keke da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, sai na riƙa fita ran Lahadi don in san gari. Sabon Gari kuwa ya rikita ni. Layukan duk kamarsu ɗaya, nan ana kiɗan coci, can ana karatun allo, na tambayi hanyar Jushi aka amsa mini da Turancin Buroka, na yi ta zagaye har na dawo bakin kasuwa inda na fara.

Wata Lahadi na ɓata a Muciya, sai ga mutane ɗauke da makara. A garinmu ba ka ganin gawa ka wuce, ko ta waye. Na jingine keke na bi, na karɓi kafaɗa, aka yi sallah da ni, aka binne, na dawo na zauna a tabarmar gaisuwa. Da aka tambayi daga inda nake, na ce baƙo ne daga nesa. Ashe mamacin, Zailani, ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, ciwo ya dawo da shi gida, kuma ya gaya wa mahaifiyarsa cewa wani amininsa na nan tafe. Kafin in ankara an kai ni gaban tsohuwar, Iya Kaltume. Ta riƙe hannuna tana kuka. Malam, na kasa gaya mata ba ni ne aminin ba.

Yanzu duk Lahadi tana ajiye mini tuwo. Tana tambayata ko yana cin abinci a can, ko ya yi maganarta. Nakan ce mutumin kirki ne, sai ta yi murmushi. Har ta ba ni hularsa. Wansa Jafaru ya fara yi mini wani irin kallo. Gaskiya kuma ina son zuwa, don duk Zariya gidan ne kawai ake cewa na rame. In faɗa mata, ina tsoron in sake kashe mata ɗa. In daina zuwa, ta ce aminin ma ya guje ta. Ni ban ma san ko ƙarya na yi ba. Yaya zan yi?

Baƙon Samaru

Ɗana Baƙo,

Bin gawar da ka yi daidai ne, Allah ya ba ka lada. Shirun ranar farko ma ban ga laifinsa ba, ba a gyara wa uwa zance ranar da aka binne ɗanta. Amma shirun da ya biyo baya, wanda ake ci da tuwo, wannan kam ya fara zama ƙarya, kai ma ka sani. Kuma aminin na gaskiya yana iya sauka daga jirgi kowace rana. Ta ji daga bakinka ya fi mata sauƙi.

Kada ka gudu. Wannan Lahadin ka fara samun Jafaru a waje, ka gaya masa komai kamar yadda ka gaya mini. Ku shiga tare. Ka durƙusa ka ce mata ba ka san ɗanta da rai ba, amma kafaɗarka na cikin waɗanda suka kai shi makwanci. Ka miƙa mata hular. In ta karɓa, kada ka ji haushi. In ta yi fushi, ka ba ta lokaci, ka riƙa aika gaisuwa.

Ina zaton ba labari take nema a wurinka ba, wanda zai zauna a ambaci sunan ɗanta take nema. In ta bar ka ka ci gaba da zuwa, ka daina amsa tambaya, kai ka riƙa yi. Ita ta san Zailani, ka roƙe ta ta gabatar maka da shi.

Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri, kai kuma ya sa Zariya ta karɓe ka da sunanka.

Malam Bappa