Sojoji a Taragon Kwal

Thornbeck, 9 ga Wata na Huɗu, 1832

Zuwa ga 'yata Naomi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Martin da yara. Yaya tarin Ellen? Ki ci gaba da ba ta zuma da ruwan ɗumi, kada ki bar ta ta fita bakin ruwa da sassafe, iskar Hull ba ta da tausayi. Ni lafiyata lau, sai dai gwiwa, ita kuwa mun saba da juna.

Ki yi haƙuri da layukana da suke karkacewa. Wadda ta fara riƙe alƙalami tana da shekara hamsin da takwas ba za ta yi hannun akawu ba, amma za ki gane abin da nake nufi.

Maganar yayanki Caleb ce ta zaunar da ni rubutu. Mahaƙan kwal na Cold Rigg sun ajiye aiki, yau mako shida ke nan. Masu ramin sun ce duk wanda bai koma ba ya fita musu daga gida, gidajen kuwa nasu ne. To, shekaranjiya alƙalin gunduma ya aiko wa kamfanin jirgin ƙasa takarda, yana so a ɗauki sojoji tamanin a kai su can su fitar da mutanen. A ƙafa tafiyar yini ce cikin laka da hawan tudu, a jirgi ko awa biyu ba ta cika. Takardar a hannun Caleb ta sauka, tunda shi ne shugaba.

Ke kin san abin da wannan yake nufi, amma mijinki ɗan coci ne, in kin karanta masa ya gane: mu Jama'ar Abokai, da mutane suke kira Kwaka, ba ma ɗaukar makami, ba ma ɗaukar mai makami. Kin tuna tsoho Amos Dearman, wanda ya ba sojoji hayar keken dokinsa na yini ɗaya tak? Aka cire sunansa daga littafin Taro, wato taron ibadarmu, har ya mutu a bencin baya yake zama kamar baƙo. Naki ma an cire shi saboda kin auri wanda ba namu ba. Na yi kuka, na haƙura, ina kuma ƙaunar Martin. Amma ku biyu Allah ya bar mini, ba zan iya zama a ɗakin Taro in ji an karanta suna na biyu ba.

Ba kuwa zan iya ce masa ya bar hanyar jirgin nan ba. Shekara goma sha biyu ya ba ta. Ya bar masaƙar ulu ta ubanku a hannun wasu, ya bi gonaki da sarƙar awo manoma suna sakar masa karnuka, ya je London sau uku kafin a ba da izini, mutanen gari suna kiransa Kwaka mai butar shayi saboda tururin injinsa. Yau waɗanda suka yi masa dariyar da kwal ɗin da jirginsa ya kawo suke ɗumama ɗakunansu.

Jiya ya zo ya tarar ban taɓa abincina ba. Ya ce, "Mama, a kan takarda ɗaya kika ƙi cin abinci? Jibi zan zauna da abokan aikina in gaya musu ba za mu ɗauka ba. Tun da muka fara ba mu taɓa tashi a rabe ba." Na ce, "Ku bakwai ne, huɗu ba namu ba ne." Ya ce, "Mutane ne dai, Mama, suna da kunnuwa." Ya ja farantina ya cinye dankalin da kansa, wai kada ya huce a banza.

Na yarda da shi. Ban taɓa ganin ya sa abu a gaba ya kasa ba. Ki sa shi a addu'a duk da haka.

Ki gaida Martin, ki sumbaci yara.

Mahaifiyarki,
Keziah Wetherald


Thornbeck, 13 ga Wata na Huɗu

Naomi 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanki, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Wannan karon labari mai daɗi na kawo miki.

An zauna, an gama. Ba za a ɗauki sojoji ba.

Kin san yadda muke yanke magana a Taro. Ba a ɗaga hannu, ba a ƙirga kawuna. Mutum ya faɗi abin da ke zuciyarsa, a yi shiru, a jira. In ba wanda ya ji ƙi a ransa, akawu ya rubuta abin da aka tsaya a kai, ya karanta, shi ke nan. Haka Caleb yake tafiyar da kamfanin tun ranar farko, 'yan cocin ma sun saba, ba su taɓa cewa komai ba.

Ya ce ya miƙe ya gaya musu an shimfiɗa hanyar nan ne don ta sauko da wuta zuwa murhun talaka, ba don ta hau da bindiga zuwa ƙofarsa ba. Ya ce mahaƙan nan su suka cika kowane tarago da ya taɓa bin ta. Daga nan ya zauna. Ɗaki ya yi tsit, ya ce kusan kwatan awa, irin shirun da ko a Taro ba kullum ake samu ba. Sai ya rubuta cewa kamfani ba zai ba da inji ko tarago don wannan aiki ba, ya karanta musu, ba wanda ya buɗe baki. Ya shigo mini fuskarsa kamar ta yaro.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Matarsa Priscilla ta ce ta hangi Ralph Harbottle, mai maƙerar ƙarfe, ɗaya daga cikin huɗun da ba namu ba, ya fito daga zaman fuskarsa jawur, ya hau dokinsa ko sallama babu. Wutar maƙerarsa ta mutu tun da kwal ya yanke, kowa ya san shi ya fi matsuwa. Yau da safe muka haɗu a kasuwa, ya ce mini, "Tsohuwa, ɗanki ya iya wa'azi, an yi asararsa a harkar jirgi." Na ce, "Ralph Harbottle, da ka iya saurare kamar yadda ya iya faɗa, da duk mun huta." Mai sayar da cuku ta yi dariya har ta dafa tebur.

Haushi ne kawai, zai wuce. An rubuta, an karanta a gabansa, bai ce a'a ba. Na gasa burodin tuffa, na aika wa Priscilla rabi.

Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarki,
Keziah Wetherald


Thornbeck, 21 ga Wata na Huɗu

'Yata Naomi,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da tarin Ellen ya sauka. Wasiƙarki ta murna ta iso, sai dai ta tarar da abin ya juya.

An kai sojojin. Da idona na gan su. Ina shanya a bayan gida da hantsi na ji jirgi yana hawa, na ɗaga kai, sai ga jajayen riguna a tsaye cikin taragon kwal, bindigogi a miƙe, wasu suna ɗaga wa 'yanmata hannu. Na zauna a kan kwandon wanki.

Ga yadda aka yi. Su huɗun nan sun sake zama a masauki, ranar da Caleb ya tafi bakin kogi duba inda ake sauke kwal. Suka ɗaga hannu, huɗu ta fi uku, suka aika wa alƙali amsa. Ashe takardar izinin da Caleb ya wahala ya samo daga London ita da kanta ta ce abin da masu rinjaye suka zaɓa shi ne magana. Shekara da shekaru ba a buɗe wannan shafin ba, saboda a kan gada da katako da ƙarfe ba wanda ya damu ya ja da shi.

Caleb ya je ya sami Ralph Harbottle a maƙera. Ya ce, "Ralph, na karanta a gabanka, ba ka ce komai ba." Shi kuwa ya ce, "To me zan ce? Jira muke ka gama addu'arka ka ce a ɗaga hannu, ba ka ce ba. Ba wanda ya ce maka e, Caleb, kai ka ji e. Mu in mun yi shiru, fushi muke." Caleb ya ce mini gaskiya Ralph ya faɗa.

A Cold Rigg an fitar da gida talatin da ɗaya. Ba a harbi kowa ba, na gode wa Allah, amma an zube gadaje da tukwane a kan hanya ana ruwan sama, har da wata mai jegon kwana tara.

Jiya dattawan Taro suka zo, Isaac Coning ne ya yi magana. A gidana suka zauna, ni na roƙa. Caleb ya bayyana musu komai bai rage ba. Sai Isaac ya ce, "Aboki Caleb, ba mu ce kai ka hura wutar injin ba. Amma sunan wa ke saman takardun kamfanin? In alƙali ya sake aikowa gobe, huɗu ba za ta sake fin uku ba?" Caleb ya ce za ta fi. Isaac ya ce, "To ka san abin da ke gabanka. Muna jiranka a taron wata."

Ko ya bar kamfanin, ko a cire sunansa. Ranar uku ga wata mai zuwa.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na so ya yi musu gardama. Na so ya ce in ya fita, wa zai rage a ciki mai cewa a'a? Har na buɗe baki in faɗa a madadinsa, na rufe. Ni da nake tsoron littafin Taro, sai ga ni ina tsoron ganinsa ba hanyar jirginsa. Da zai tafi ya ce, "Mama, me kika gani?" Na ce, "Na ga ka rame." Ban ba shi shawara ba, ba kuwa zan ba shi ba. Na san zai yi abin da yake daidai. Wanne ne daidai ɗin, shi ne ban sani ba.

Ki rubuto mini.

Mahaifiyarki,
Keziah Wetherald


Thornbeck, 7 ga Wata na Biyar

Naomi, 'yata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Martin, ki ce masa na gode da kifin da ya aiko, ya iso lafiya. Ina fata yara suna nan ƙalau.

Sunan yayanki yana nan a littafi.

Kwana biyu kafin taron ya kai wa abokan aikinsa hatimin kamfani da makullan ofis, ya saki rabonsa duka. Ralph Harbottle ya biyo shi har bakin titi yana cewa, "Haba Caleb, wa ya san gadojin nan in ba kai ba? Ka zauna, in irin wannan ta taso ka yi tafiya kwana biyu, mu yi abinmu, hannunka fes." Caleb ya ce, "Ai haka aka yi wancan karon, Ralph, ban kuwa ga fes ɗin ba."

A ɗakin Taro an buɗe katakon da ke tsakanin maza da mata, don haka na ji komai. Ya miƙe a hankali. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce, "Abokai, na ɗauki shirun waɗansu a matsayin yarda, domin yardar nake so in ji. Da na tambaye su ɗaya bayan ɗaya da na sani, da na sami kwanaki ina roƙonsu. Ban tambaya ba. Mutane sun kwana a ruwa, hanyar da na gina ce ta kai musu sojoji. Na bar ta." Ya zauna. Aka yi shiru. Can akawu ya rubuta cewa Taro ya karɓi maganarsa, ya karanta. Isaac Coning ya juya ya dubi benci bayan benci, a hankali, kafin ya bari a wuce gaba. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Yanzu ya koma masaƙa. Ya buɗe tsohon rumbun ulu ya zuba iyalai goma sha ɗaya daga Cold Rigg, Priscilla tana ta faɗan hayaniya tana kuma dafa musu miya. Kada ki damu da shi. Shekararsa arba'in da shida, ƙafafunsa garau, ba mutumin da zai zauna ba ne.

Na sami abin da na roƙa, Naomi, na kuma ga abin da ya ci masa. Yau ya zo cin abincin rana, na yi masa naman tunkiya. Muna cikin ci jirgin kwal ya sauko ta bayan gida, tagogi suna karkarwa. Ya tsaya da tauna. Ya ciro agogonsa ya duba, ya ce, "Ya makara da minti goma." Har ya ɗan ɗaga daga kujera. Sai ya koma ya zauna, ya mayar da agogon aljihu, ya ce, "Mama, miƙo gishiri."

Na miƙa masa.

Allah ya kiyaye ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki,
Keziah Wetherald