Hukuncin Zakiyya Kan Shanun Huɗa

Birnin Gwari

Zakiyya,

Bayan gaisuwa. Ya karatu? Har yanzu ba sabis ɗin waya, shi ya sa na ba direba wannan takardar.

'Yan daji sun kore shanun huɗata a rugar Yero ta Kakangi, suka bar masa nasa. Wannan wace irin sata ce mai zaɓe? Raina ya ɓaci ƙwarai. 'Yan sa-kai sun zo suna tambayata ko ina zarginsa da zama infoma. Kin san in na ce e, Yero ba zai ga damina ba. Na ce su dakata.

Mun zauna da shi, mun yarda ke za ki raba mu, tunda abin da kike karanta ke nan.

Mahaifinki, Abarshi

*

Abuja

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Wallahi tunda na karanta takardarka na kasa cin abinci.

Digirina na biyu kan rigimar kamfanoni ne, wannan a wata ƙasa wancan a wata, su ƙi zuwa kotu su zaɓi wanda zai yanke musu. Kuma abu na farko da aka koya mana, mai sasanci ba ya zama a rigimar ubansa. Don Allah ku nemi liman.

'Yarka, Zakiyya

*

Zakiyya,

Muna lafiya. Liman? Kafin a idar da la'asar maganar ta kai kasuwa! Ke ce kika taɓa ce mani irin shari'arku a asirce ake yin ta.

Na karanta wa Yero amsarki. Ya ce ya san 'yata ce, ai da nonon shanunsa aka yaye ki, ya yarda. Ya ce in rubuta maki wai sau biyu yana roƙona in maido shanun gari na ƙi. To, na ƙi, harawa ta yi tsada. Ina ruwan wannan da wancan?

Ki yi sauri, 'yan sa-kan nan sun sake dawowa.

Abarshi

*

Baba,

Barka da haƙuri. Tunda Baffa Yero ya san alaƙarmu kuma ya amince, na karɓa. Amma ka sani, hukuncin sasanci ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Amana ka ba shi, ya gargaɗe ka, ka ƙi. Barin nasa da aka yi zato ne, ba hujja ba. Asarar taka ce. Kuma ranar kasuwa ka riƙe hannunsa ku ratsa ta gaban 'yan sa-kai, kowa ya gani.

Cikin kuka nake rubuta wannan. Ka yafe mani.

'Yarka, Zakiyya

*

Zakiyya,

Bayan gaisuwa. Na bi hukuncinki. Na riƙe hannunsa tun daga tasha har 'yan hatsi. Yero na nan da ransa.

Yanzu ni ne ba a amsa wa sallama a masallaci. Jiya an tambayi maƙwabcina me ke tsakanina da mutanen daji.

Ban ce kin yi kuskure ba. Ki riƙe karatunki da kyau, kuma kada ki zo gida Sallar bana.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki, Abarshi