Kada a Tone Gindin Raken

Zuwa gare ki Philomena, sanyin idona, ruwan sabuwar randa a zafin bazara, zaƙin da ke can ƙasan rake inda mai haƙuri kaɗai ke isa. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi, ina gaida Mama, da fatan ciwon ƙafarta ya yi sauƙi. In kin tambayi lafiyata, jiki dai yana yawo, amma zuciya tana Kudan a bakin fadamarku, ta ƙi biyo ni.

Daga wani gari mai suna Kwang Ngai nake rubuto miki, a ƙasar Biyetnam, jakar goyo a tsakanin ƙafafuna, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Kin san farkon labarin: da rage ma'aikata ya kwashe ni daga ofishin gona na Makarfi, coci ta samo mini ɗan kwas a Tailan. Kash, da ma ina gamawa na kamo hanyar gida! Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Aka ce a nan Biyetnam akwai ƙaramin injin matsar rake, na ce bari in leƙa, ko na zo wa Mama da abin da zai hutar da tsohon dokin nan nata mai juya injin rake. Ina leƙawa ƙofa ta rufe a bayana. Ƙasar da jirgina zai ya da zango ta ce mai koren fasfo irin namu ba zai ratsa ta ba, tun da sojojinmu suka ɓata da duniya. Ni da ko gora ban taɓa ɗaga wa wani ba, ni ke amsa laifin masu bindiga.

Tun daga nan nake gararamba, daga Saigon zuwa Huwe, daga wannan ofis zuwa wancan, kowa sai ya duba fasfon ya girgiza kai. Na yi tafiya a bencin katako na jirgin ƙasa, na shiga mota tare da agwagi, na kwana a ɗakin haya mai gadaje jere kamar asibiti. Taliya a romo nake ci da tsinke biyu, rabi a baki rabi a riga. Da kin gan ni, da kin yi dariyar nan taki har ki riƙe ciki. Yara na bina suna shafa hannuna su ga ko baƙin zai goge. 'Yan samarin Turawa masu irin jakata sun ɗauka ni ma buɗe ido na fito. Ta ina zan gaya musu ni hanyar gida nake nema?

Kin tuna mazarƙwailar da kika ba ni guzuri a tashar Makarfi? Na naɗe ta a takarda kamar yadda muke yi a gida, inda take shekara ba ta canja ba. Na yi niyyar in riƙa lasa kaɗan kaɗan, kowane gari da ɗanɗanon hannunki. Ashe iskar nan jiƙaƙƙiya ce! Na buɗe jaka na tarar ta narke cikin rigar cocina, tururuwa sun yi salla. Na zauna a bakin titi ina tsotsar habar riga, ƙato da ni, ina hawaye.

Jiya kuma na bi ta wani ƙauye, ƙamshi ya tsayar da ni cak. Ɓauna ce ke juya injin a maimakon doki, ana dafa ruwan rake a manyan kasake, wata mata mai malfa tana zubawa a 'yan kwanoni ya daskare. Yadda take karkata ludayin, haka kike karkata naki. Ta miƙo mini ɓalli, na sa a baki. Wane irin zaƙi ne wannan da ke mayar da mutum Kudan?

Ya hasken gidana da ban gina ba tukuna, ban manta ranar da muka dasa kunyar raken nan ni da ke ba, laka har gwiwa, kina gyara mini idon kowane yanki ya kalli gefe. Kika miƙe kika ce, "Timoti, in aka sare raken nan ba ka dawo ba, zan bi Mama kudu, kuma kada ka biyo ni." Na yi dariya a lokacin. Yanzu na san ba wasa kike ba, tunda mahaifinki ma ya ce wa Mama zai dawo kafin kaka, har yau shiru. Ga shi bakina ya zama irin nasa, ba da sona ba.

Na san lokacin sara ya zo. Ba zan ce ku jira ba, rake in ya wuce lokaci sai ya yi fure zaƙinsa ya gudu, kuma da shi Mama za ta yi guzurin komawa kudu. Ba ni da ranar da zan ba ki, ba ni da ikon komai. Abu ɗaya nake roƙo, gwiwa biyu a ƙasa: ku sare, amma kada a tone gindin kunyarmu. Ki roƙi Malam Ashafa, mai fadamar da kuke nomawa, ya bar shi. Kin fi ni sanin gindin rake yana sake toho in an bar shi a ƙasa.

Duk ranar da Ubangiji ya buɗe mini hanya, ba gidanmu zan fara zuwa ba, fadama zan sauka da jakata a baya. In na ga kore ya fito, na san kin yafe mini in biyo ki kudu. In na tarar da rami, zan zauna a bakinsa, ba zan dame ki ba, amma ba zan sake dasa rake da wata ba.

Naki har ranar da rake zai daina zaƙi,
Timoti