Hannun Bishop a Shafi na Uku

Lahadi, 3 ga Maris
Jaridar coci ta ƙare kaf a hannuna yau, abin da ban taɓa gani ba tun da na fara sayar da ita a bakin ƙofa. Manyan baƙaƙe kawai nake iya karantawa, ƙananan sai su zame mini tururuwa. Na yi ta kwarmato: "Ɗalibai sun wulaƙanta Bishop!" Har da ƙarin gishirina, wai 'ya'yan zamani ba tarbiyya. Mutane na saye suna kallona. Na ɗauka sabuwar rigata ce.

Na dawo gida Maman yara ta buɗe mini shafi na uku. Auta ce, ɗiyata ta jami'ar coci, riƙe da hannun Bishop. A ƙasa an rubuta ta fizge shi. "Sannu da talla, Baban yara," in ji ta.

Litinin, 4 ga Maris
Auta ta zo da takardar kwamitin ladabtarwa, Talata ta sama. In sun yarda da jaridar, kora ce, ga ta a shekarar ƙarshe. Ta ce silin ɗakin kwanansu ne ya rufto, shi ya sa suka zauna a bakin get. Bishop ya sauko daga mota don kansa, ita kuma ta durƙusa za ta sumbaci zobensa, na baya suka turo ta. Na ce jaridar coci ba ta ƙarya. "Amma 'yarka tana yi, ko Baba?" Ta shige ɗaki.

Laraba, 6 ga Maris
Na rufe wurin faci, na tafi ofishin jaridar. Editan limamin coci ne, Fada mutumin kirki, ya ba ni kujera mai juyawa, na kusa faɗuwa. Na ce wa ya je wurin daga ofishinku? Babu. Mai hoto ya aiko hoto, sakataren Bishop ya aiko bayani, shi kuwa sakataren yana cikin mota gilashi a rufe. Na ce, "Fada, ni da na tsaya a aji huɗu, ko taya sai na tsoma ta a ruwa kafin in ce ta huje." Ya yi dariya ya ce za a duba. Ni ban yi don dariya ba, amma wa zai gane, bakina ya saba.

Alhamis, 7 ga Maris
Bishop ya shiga keɓewar addu'a, ba waya, ba baƙo. Mutum ɗaya da ya san yadda aka riƙe masa hannu!

Lahadi, 10 ga Maris
Gyara ya fito. Sai da Maman yara ta sa tabarau ta nemo shi, can ƙasan tallan kyandir: "ba a tabbatar an fizge ba." Ba a tabbatar ba! Na tsaya da jaridun a hammata kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Shugabar mawaƙa ta ce, "Yau maƙogwaro ne, Mai Faci?" Na ce eh.

Auta har yanzu gaisuwa kawai.

Talata, 12 ga Maris
Na raka Auta wurin kwamitin. Ba su bar ni na shiga ba, wai iyaye a waje. Sun ce jarida ta faɗa, jarida ta janye, su ba su san wanne za su kama ba. An dakatar da ita har Bishop ya fito ya yi magana. Ba kora ba dai. Jarrabawa kuwa ba ta jiran Bishop.

A waje abokan karatunta sun zauna a ƙasa, shiru, da kwalaye. Ba ashar, ba jifa. Ɗaya ya kai ni na leƙa ɗakin kwanan nasu. Gadonta ne na biyu daga inda ya rufto, ba ta taɓa gaya mini ba, ko kuwa ban tambaya ba.

Wata doguwa ta ce in riƙe mata kwalinta za ta sha ruwa. Ta daɗe. Auta ta fito ta gan ni, ta ce, "Baba, a juye yake." Ta gyara mini, ta zauna kusa da ƙafata.

Ni ban yi zanga-zanga ba. Riƙewa kawai na yi. Gobe ma wai za su zauna, faci kuma ba ya gudu.