Shekarar da Mama Ba Ta Hau Dutse Ba

Sansanin Rafin Cutler, Idaho
12 ga Oktoba, 1986

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki da sauƙi. Yaya gwiwar da aka yi wa aiki? Ina fata kina bin maganar likita, kina ɗora ƙafar a kan matashi, ba ki tashi kina share-share a gidan ƙanwarki ba. Ki gaida mini Anti Bernice, ki ce na ce ta ɓoye miki tsintsiya.

Mun iso lafiya jiya da la'asar, ni da Baba da yayana Merle, da dawakai uku da alfadarai biyu. Awa bakwai muka yi a kan sirdi daga inda muka bar mota. Mun kafa tanti a wurinmu na kullum, bakin rafi. Tunda ba kya nan, girki ya faɗo kaina, kuma tun fanken farko aka fara yi mini gori. Merle ya ɗaga ɗaya ya ƙwanƙwasa shi a jikin kwano, ya ce a ajiye, idan harsashi ya ƙare da shi za mu jefi elk, manyan barewan nan da muka zo farauta. Na ce masa gobe ya dafa da kansa. Ya cinye biyar.

Alfadararki Maybelle tana lafiya. Ta zura kai cikin buhu ta sace rabin burodi tun ba mu gama sauke kaya ba. Baba ya ce laifinki ne, ke kika raine ta da kwalbar madara har ta ɗauka ita ma mutum ce.

Baba yana kewarki, ko da yake ba zai faɗa ba. Ya ce shekara arba'in da ɗaya kuna hawa dutsen nan tare, bana ce ta farko da ya zo ba ke. Yakan juya hagunsa kamar zai yi miki magana, sai ya yi shiru. Tsufa ma ya fara nuna kansa. Da za mu taso, shi da kansa ya miƙa wa Merle makullin mota, wai kafaɗarsa na ciwo. Yau da safe gishiri ya zuba a kofi maimakon sukari, ya kuma shanye abinsa don kada mu yi dariya.

Akwai nama bana. Da yamma mun hau tudu, Merle ya hango garken elk a ɗaya ɓangaren kwarin, mata goma sha ɗaya da namiji guda, girmansa ya kai doki, ƙahonsa reshe shida kowane gefe. Baba ya ɗora madubin hangen nesa ya ce, “Kyakkyawa ne.” Na ga kamar ba wajen yake duba ba, amma wataƙila wani garken ya hango. Idan muka samu biyu, gidanku da nawa da na Merle babu mai sayen nama har sanyi ya wuce.

Tsoho Hatch na sansanin da ke ƙasa da mu zai sauka gobe, shi zan ba takardar nan. Ki sha maganinki a kan lokaci.

'Yarki,
Glenda

15 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki, da fatan ƙafa tana ƙara sauƙi. Mu ukun duka muna lafiya, babu wanda ya ji rauni. Na fara da wannan ne don ki karanta sauran a zaune.

Maybelle ta mutu. Baba ne ya harbe ta jiya da safe.

Ga yadda aka yi. Mun tashi muka tarar ta tsinke dabaibayi ta tafi kiwo. Merle ya ɗauki igiya ya bi sawunta a ƙafa, ni da Baba muka hau tudun da ke saman kurmi muka zauna jiran garken. Akwai hazo a kwarin. Na matsa kamar taku goma daga gare shi ina duba ɗaya gefen, sai na ji ya ce a hankali, “Ga mace nan.” Na juyo na ga ya ɗora bindiga a kafaɗa. Na bi bakin bindigar da ido, na ga hular Merle tsakanin itatuwa. Kafin in buɗe baki ya harba.

Ashe Merle yana janye da Maybelle ne, kafaɗarsa dab da wuyanta. Harsashin ya shiga bayan kafaɗarta, daidai inda Baba ya koya mana tun muna yara. Ko shurawa ba ta yi ba. Tsakanin Merle da inda harsashin ya shiga bai kai tsawon hannu ba. Na auna daga baya, ban san abin da ya sa na auna ba.

Merle ya hauro tudun da igiyar a hannunsa, jini a gefen rigarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya gaban Baba ya ce, “Baba, me ka gani?”

Baba ya ce, “Na ga abu ja-ja yana motsi.”

“Ni fa? Ka gan ni?”

Merle ya ja da baya taku biyar, ya ɗaga hannu ya ce, “Yatsu nawa?”

“Kada ka mai da ni yaro, Merle.”

“Nawa, Baba?”

Baba ya karkatar da kai gefe kamar kaza, ya daɗe, sannan ya ce, “Idan na kalli gefe ina ganin hannunka. Tsakiyar ce babu.”

A nan kan tudun ya faɗa mana komai. Shekara uku ke nan tsakiyar ganinsa tana dushewa. Ya ce ke ce kike zama a hagunsa kina raɗa masa inda dabbar take, ko mace ce ko namiji, ko akwai wani abu a bayanta. Ya ce bara da bara waccan ma ke kika harba, kuka dawo sansani kuka ce shi ne. Na tuna yadda muka yi ta yaba masa bara, kina juya wake a tukunya ba ki ce komai ba. Ashe shi ya sa kika karɓi tuƙin mota, kika ce mana wai kina son koyon hanya.

Merle ya karɓi bindigar, ya zare harsasan ya zuba a aljihunsa. Ya ce, “Ina da 'ya'ya mata biyu a gida, Baba. Da ni ka samu, da Glenda ce za ta je ta yi wa matata Connie bayani.” Daga nan bai sake yi masa magana ba. Mun je mu biyu mun cire wa Maybelle ragama. Ƙasa ta yi tauri, ba ta haƙuwa, sai muka tara mata duwatsu da rassa. Hankaki sun riga sun fara taruwa. Baba ya zauna a kan kututture bakin rafi tun hantsi har rana ta faɗi, ko ruwa bai sha ba.

Mama, me ya sa ba ki faɗa mana ba? Kin san ba za ki zo ba, kin san abin da ke idonsa, kika haɗa masa jaka, kika sa masa safa da taba, kika bar shi ya hau dutse da bindiga tare da 'ya'yanki. Kalma ɗaya da kin raɗa mini a asibiti, da ban matsa daga gefensa ba. Ina fushi da ke, kuma ina son a ce kina nan, ban san yadda zan raba biyun ba. Ni ma ba na wanke kaina. Na ga gishirin, na ga madubin, na ce tsufa ne don shi ya fi sauƙin faɗa.

Merle ya ce gobe za mu tattara mu sauka, da nama ko babu. Wani ma'aikacin gandun daji ya biyo ta nan, zai tafi da takardar. Kada ki kira Connie, Merle ya ce shi zai faɗa mata da bakinsa.

Ki kula da kanki.

Glenda

18 ga Oktoba

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Anti Bernice. Ina fata kin fara taka ƙafar, kuma takardata ta baya ba ta hana ki cin abinci ba. Cikin fushi na rubuta ta. Ban janye abin da na faɗa ba, amma da yau ce da na sassauta.

Ba mu sauka ba. Dusar ƙanƙara ta sauko kwana biyu a jere, hanyar da ta bi gefen dutse ba ta biyuwa da dabbobi. Haka muka zauna mu uku a tanti ɗaya, Merle yana gyaran sirdin da ba abin da ya same shi, Baba yana fere dankali da lalube. Ya fere fiye da abin da za mu ci a mako. Idan Merle yana son a miƙo masa wani abu da ke kusa da Baba, sai ya ce, “Glenda, ba ni wancan.”

Jiya gari ya waye tas. Baba ya fita ya tsaya yana shaƙar iska, ya dawo ya ce mini garken ya sauko saboda ƙanƙara, suna kwance a kurmin da ke arewa da mu, yana jin warinsu. Ni ban ji komai ba sai hayaƙin murhu. Ya ce, “Ɗauko bindigarki. Ni ba zan taɓa ta ba. Zan dai kai ki.”

Merle ya ce babu inda za a je. Na ce masa gida uku ne ke jiran nama, kuma ni zan riƙe bindigar. Muka fita, Baba ya kama bayan rigata, ina gaba yana biye, ƙanƙara har gwiwa. Da na waiga sai na ga Merle can baya, hannu a aljihu, yana bin sawunmu.

Mun yi tafiyar kusan awa biyu. Baba ne yake cewa mu bi nan, mu bar can, iska za ta kai musu warinmu. Can ya ja rigata na tsaya. Ya ce ya ji reshe ya karye a dama. Na tsugunna na jira, har ƙafata ta mutu, sai ga mace ta fito fili, babba, ba ɗa a bayanta. Na ɗora bindiga. Baba ya sa bakinsa kusa da kunnena ya ce, “Kafin ki taɓa kunamar bindigar, faɗa mini abin da kike gani.”

Na ce, “Mace ce, wuyanta baƙi, bayanta fari. Ita kaɗai.”

“Merle yana ina?”

Merle ya amsa daga bayanmu, “Ina nan, Baba.” Maganarsa ta farko ke nan gare shi a kwana uku.

Baba ya ce, “To, sake dubawa.” Na sake dubawa. Harbi ɗaya na yi.

Wajen fiɗa Baba ya cire safar hannu ya karɓi wuƙa. Kin san hannunsa, wannan aikin ba ya bukatar ido. Merle ya tsaya yana kallo, da ya ga ƙafar tana zamewa sai ya zo ya riƙe. Suna cikin aiki, Baba bai ɗago ba ya ce, “Na so in sake zuwa sau ɗaya ne kawai. Saboda sau ɗayan nan na kusa kashe ɗana. Ba ni da abin da zan ce maka da zai kai wannan.”

Merle ya gyara riƙon ƙafar. Daga baya ya ce, “Ban huce ba tukuna, Baba. Yanka ta nan, akwai jijiya.” Haka suka gama, muka rataye cinyoyin a bishiya. Da rana na soya hanta da albasa, Baba ya ci, Merle ya ƙara masa.

Ɗaya ce za mu raba gida uku, ba za ta kai mu ƙarshen sanyi ba, amma ta isa. Da alfadari guda sai an yi sawu biyu. Merle zai sauka gobe da kayan farko, ya jefa takardar nan a akwatin gidan waya, ya dawo ya ɗauke mu. Ki sa ran ganinmu ranar Laraba ko Alhamis. Baba ya yarda in kai shi wajen likitan ido a Lewiston. Bindigar kuma Merle zai wuce da ita gidansa, babu wanda ya yi gardama.

A tafiyar jiya, da Baba yana riƙe da rigata, ina jin nauyinsa duk lokacin da ya yi tuntuɓe, na ɗan fahimci abin da kika ɗauka shekara uku ke kaɗai. Awa biyu kawai na yi, kafaɗata har yanzu tana ciwo. Za mu yi magana idan na zo, ni da ke, a rufe ƙofa.

Baba yana zaune kusa da ni. Ya tambayi wa nake rubuta wa, na faɗa masa. Ya ce in ƙara masa saƙo tunda shi ba ya ganin layin takarda. Ga shi yadda ya faɗa, ban gyara ba:

“Lavonne, ni na sa ki rantse ba za ki faɗa ba, kuma ni na ce miki idon ya yi sauƙi bana. Ƙarya na yi miki. Na faɗa wa yaran haka. Ki yafe mini Maybelle. Ranar da za mu iso, ki sa jar rigar nan taki ta zuwa coci, ki zauna a baranda. Ina so in gane ki tun daga bakin hanya, ba sai an ce mini ga ki can ba.”

Shi ke nan abin da ya ce. Merle yana gaishe ki.

Taki har kullum,
Glenda